Takardu Biyar a Akwatin Raɓa

Ku da kuke biyowa ta shagon nan ran Asabar ku sha shayi, na ji abin da kuke faɗa. Wai Baba Iliya ya more, yana zaune cikin sanyin na'ura yana shafa takarda da burushi, 'yan uwansa suna can suna ɗaukar bulo a rana. Ban musa ba, rana ba ta dukana. Amma tunda ɗayanku ya ce in ba shi wata biyu ya iya, to ku gyara zama in gaya muku abin da ke cikin sana'ar, sannan mai so ya zo.

Ni mutumin Damagaram ne. A matsayin kafinta na zo Riyad, shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma har yau abin da ke rubuce a iƙamata, wato takardar izinin zama, ke nan. Kafilina, ubangidan da ya tsaya mini na shigo ƙasar, yana da shagon firam, wato katakon da ake kewaye hoto da shi a sa gilashi a rataye. Aikina yankan katako da haɗa kusurwa. A ƙuryar shagon akwai wani ɗaki da ba a shiga da takalmi, ba a shiga da kofin shayi. A ciki wani dattijo Bamisire yake zama, Usta Fahmi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran tsofaffin littattafai a Alƙahira. Shi ne mai gyaran zanen ruwa, kuma a hannunsa na koya.

Zanen ruwa ba wani abu ba ne illa garin launi da ƙaro da ruwa, a shafa a kan takarda. Ƙaron nan dai da kuka sani, wanda ake sa wa tawadar allo. Ranar da Usta ya nuna mini shi a kwalba yana ta ƙoƙarin yi mini bayani da Larabci, na ce masa a garinmu a jikin itace muke ɓanɓaro shi mu tauna. Ya cire tabarau ya dube ni.

"To ka san abin da ruwa yake yi wa rubutun allo," in ji shi.

Na ce yana wanke shi.

Ya ce, "Shi ke nan, ka san rabin aikin."

Yawancin waɗanda ake kawo mana na ƙarni na sha tara ne, kafin kyamara ta bazu. A wancan zamani in sarki zai fita, ko a Istanbul, ko Alƙahira, ko garuruwan Indiya, akwai masu zama a gefen hanya da ɗan akwatin launi suna zana abin da ke wucewa: laima, tuta, makaɗa, kwale-kwalen fada, giwaye cikin ado. In taro ya watse kuma su juya su zana mai tallan ruwa da salkarsa, da wanzami, da makaho da ɗan jagoransa. Turawa matafiya su saya su tafi da su gida, jikokinsu su kai gwanjo, masu hali na garin nan su sayo, ko kuwa ma'aikatan Unguwar Jakadanci su taho da su cikin kayansu. Kafin takarda ta iso teburinmu ta yi shekara ɗari da hamsin tana shan wuya, kuma yawanci a hannun masu sonta.

Shekara biyu na yi a ɗakin nan ban taɓa zane ba. Aikina dafa gam. Ba gam na kanti ba, shi wannan dafi ne ga takarda. Sitacin alkama ake damawa a kan wuta kaɗan, ana juyawa kamar talge har ya yi sheƙi, a bar shi ya huce, a tace a ƙyalle sau uku. In Usta ya murza a yatsa ya ji gudaji ko guda ɗaya, sai ya tura mini kwanon ya ce a sake. Akwai ranar da na dafa sau huɗu.

Zane na farko da aka bari na taɓa wani mai sayar da lemo ne a ƙofar masallaci. Usta ya ce in miƙo masa. Na kama kusurwa da yatsa biyu kamar mai ɗaukar jarida, na ɗaga, kusurwar ta taho a hannuna, sauran takardar ta zauna a tebur. Iskar garin nan ba ta da danshi ko kaɗan, tsohuwar takarda takan zama kamar busasshen ganyen kuka. Bai yi mini tsawa ba. Ya nuna mini guntun ya ce in mayar da shi inda na ciro shi. Kwana uku na yi a kai. Ta baya ake yin faci, da wata siririyar takarda da ake kawowa daga Japan, kuma ba a sa mata almakashi. Layi ake ja da jiƙaƙƙen burushi a yage ta, don zare-zaren bakin su kama. Tun daga ranar ban sake ɗaga takarda ba sai na zura mata kwali a ƙarƙashi. Wannan ita ce doka ta farko.

Kayan aikin ga su nan kuna gani, ba su cika jakar hannu ba. Wuƙar tiyata, da hantsaki, da wannan ƙashin mai santsi na kwantar da ninki, da burushin gashin akuya, da takardar shanye ruwa, da gilashin dannewa. Babba a cikinsu shi ne wancan da ke lungu, muna ce masa akwatin raɓa. Faranti ne mai zurfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, a ɗora raga a sama, a kwantar da zanen a kan ragar, a rufe da murfin gilashi. Takardar ba ta taɓa ruwa, danshi kawai take sha har ta saki jiki a iya miƙar da ita. Amma kowane rubu'in awa sai an duba, kuma ba a wuce 'yan awoyi. Usta yakan ce in akwai takarda a akwati, ko salla za ka yi, a gefensa za ka shimfiɗa dardumarka.

Akwai aikin wani Bature daga ofishin jakadanci da ba na mantawa. Kwale-kwalen sarkin Istanbul ne za a kai shi sallar Juma'a, matuƙa a jere cikin fararen riguna. Wani mai son gyara ya liƙe shi a kan kwali, ya kuma bi yagewar da salatif ta gaba, daidai kan fuskokin matuƙan. Kwalin ta baya ake cire shi, ana kankarewa da wuƙa ɓawo bayan ɓawo har a iso ga takardar, kuma in hannunka ya zarce da kaurin gashi ka huda tekun da ke cikin zanen. Kwana goma sha ɗaya na yi a sunkuye, wuyana har yau bai yafe mini ba. Da muka gama Baturen ya zo da matarsa, ta duba ta ce jan tutar ya koɗe, a ɗan ƙara masa.

Usta ya ce, "Madam, wanda ya zana ya rasu, ban samu izininsa ba."

Wannan ita ce doka ta biyu. Muna ɗinkewa, muna sharewa, amma ba ma ƙarawa. Abin da rana ta cinye ta cinye.

Yanzu bari in zo kan muguwar shekarar. Wanda ya kawo mana aikin wani ɗan Maraɗi ne, Habu, direba a gidan wata likita 'yar Indiya da ake kira Dakta Nasrin. A masallacin Juma'a muka saba da shi. Wata safiya ya shigo rungume da akwatin ƙarfe irin na da, likitar tana biye da shi.

"Baba Iliya, ga amanar da na gaya maka," in ji shi. "Tun daga gida take cewa in bi a hankali, ko birki ban taka da ƙarfi ba."

Ita ta buɗe akwatin da kanta, ta yi mana bayani da Larabci. Kakan kakanta mai zanen fada ne a wani birni da ake kira Laknau. Aikinsa ke nan, in sarki zai fita ya zana. Da Ingilishi suka tuɓe sarkin fada ta watse, sai ya koma bakin kasuwa yana zana talakawa yana sayarwa. Abin da ya rage a hannun zuriyarsa takarda ashirin da biyu ne. Mahaifinta yana nan gidanta a Riyad, tsoho ne da ya doshi casa'in, kuma shi ya ce a gyara su, yana so ya gan su a bango kafin ya koma ga Allah.

Sha bakwai a kwance suke tsakanin ƙyallaye: mai gyaran takalmi, mai wasa da biri, mai tallan tsuntsaye a keji, mata a bakin rijiya, makaɗan fada suna hutawa. Sauran biyar ɗin a naɗe suke wuri guda kamar tabarma, an ɗaure da jan zare. Ta ce wannan fitar sarki ce ranar idi, daga ƙofar fada har bakin kogi, takarda biyar da ake jerawa ɗaya ta haɗu da ɗaya. An naɗe su ne ranar da iyalin suka bar gidansu na gado, mahaifinta yana ɗan shekara goma, kuma ba a sake warware su ba. Ita kanta ba ta taɓa ganin cikinsu ba. Ta taɓa gwadawa, ta ji ƙas, ta bari.

"A duniya Abba kaɗai ya rage wanda ya san abin da ke ciki," in ji ta.

Sha bakwai ɗin sun ci mana wata huɗu. Wasu ƙwaro ya huda, wasu sun yi ɗige-ɗige kamar tsatsa, mai tsuntsayen kuwa a rabe yake gida biyu. Duk wanda muka gama muka sa a firam, Habu ya zo ya ɗauka, ya dawo mana da saƙo. Yau ya ce tsohon ya sa an rataye masa mai takalmin inda zai riƙa ganinsa daga gado, gobe ya ce tsohon ya yi dariya da ya ga birin. Kuma ko yaushe saƙon yana ƙarewa da tambaya ɗaya, yaushe za a buɗe fitar sarki.

Ana cikin haka korona ta shigo. An fara rage lokacin buɗe shaguna, ana ta raɗe-raɗin za a rufe gari gaba ɗaya, Usta ya ce mu yi mu gama kafin a rufe. Ya kwana uku yana tari, yana cewa sanyin na'ura ne. Da safe muka sa naɗin a akwatin raɓa, duka biyar ɗin tare, domin a bushe ba su rabuwa. Mun yi lissafin awa huɗu. A awa ta uku takardar waje ta fara sakin baki, ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, muka hango gefen wata babbar ƙofa da mutum biyu suna busa dogayen ƙahoni. Usta yana kan kujerarsa ya sunkuyo kan gilashin.

"Shuf, ya Ilyas," in ji shi, wato duba.

Bai ƙara ba ya zame ya faɗi. Leɓɓansa sun yi toka, numfashinsa kamar ana jan zarto. Na kira motar asibiti, suka zo cikin fararen kayan roba, suka ɗauke shi, suka ce ni ma in shiga tunda tare muke. Na kashe na'ura, na kashe fitila, na jawo ƙofar ƙarfe na sa kwaɗo. Kafin nan sau biyu na wuce ta gefen akwatin, sau ɗaya don in ɗauko tabaransa, sau ɗaya don in ɗauko iƙamarsa a aljihun tebur. Ɗaga murfin da cire naɗin ba zai kai tsawon karanta Fatiha ba. Ban ɗaga ba.

Sai a asibiti na tuna, lokacin da aka ce za a killace ni. Makullin shago uku ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a aljihun Usta, ɗaya a wurin kafili, shi kuma yana wani gari an rufe hanya. Na roƙi wani ma'aikaci ya fitar mini da makullin ya ba wani a waje, ya ce ko allura ba ta fita daga ɗakin. Na kira kafili.

Ya ce, "Ba wanda zai fasa mini ƙofa saboda takarda. Ka yi haƙuri, kwana biyu ne."

Na kira Habu na ce, "Ka nemi mai walda ku yanke kwaɗon nan, laifin a wuyana."

"Baba, an sa dokar hana fita tun la'asar," in ji shi. "Ba ni da takardar izini. Dakta kuwa a asibitinsu take kwana yanzu, wayarta a kashe. Amma gobe da sassafe zan gwada."

Ya gwada, a shingen farko aka juyo da shi. Rana ta uku zazzaɓi ya kwantar da ni, kuma kafin hankalina ya dawo jikina an wuce lokacin da wani abu zai yi amfani.

Usta ya rasu a rana ta tara. Wata nas ce ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya mini. Waɗanda ba su san shi ba suka yi masa sutura suka binne shi a nan Riyad, 'yarsa da ke Masar hoton kabarin kawai ta gani a waya. Shekara ashirin da shida muna aiki a tebur ɗaya, ban samu yi masa salla ba.

Kwana ashirin da uku aka yi kafin na buɗe shagon. Tun daga bakin ƙofa wari ya gaya mini. Ga zafi, ga na'ura a kashe, ga danshi a rufe. Murfin gilashin ya yi gumi yana ɗiga a kan naɗin, naɗin kuwa ya lotsa ya kwanta, fumfuna ta rufe shi, baƙa da koriya, har da gashi. Ku riƙe wannan, ko da Allah ya kiyaye ku ga irinsa: ba a taɓa takarda tana jiƙe haka. Na buɗe murfin na kunna fanka daga nesa, kwana huɗu tana bushewa a hankali. Sannan na fitar da ita bayan shago, na ɗaure hanci, na share fumfunar da burushi, na bi da sifirit. Takardun sun manne da juna sun zama abu guda. Na zauna da wuƙa ina rabawa, abin da ya taho ya taho. Launukan sun narke cikin juna sun koma kalar ruwan kududdufi.

Guntaye tara na ceto, mafi girmansu bai wuce tafin hannu ba. Ƙafafun giwa da ƙararrawa. Gefen jar laima. Fuskar wani makaɗi. Saman soro da mata uku suna leƙe. Sauran ma irin haka.

Kafili ya dawo ya tsaya a kaina ya duba. Ba mugun mutum ba ne, tsoron rigima yake.

Ya ce, "Ka ce wa Dakta da aka buɗe haka aka same su. Shekara tamanin a naɗe, wa zai musa?"

Habu ma da ya zo ya gani sai da ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "Ita ba ta san komai ba tukuna, ban iya gaya mata ba. Baba, ko ka ce Usta ne ya rufe shagon. Allah ya jiƙansa, ba abin da za a yi masa yanzu. Kai kuwa in ta kai ƙara iƙamarka ce a ciki, ga iyali a gida suna jiran hannunka."

Na ce, "Habu, mutumin da ya koya mini riƙe wuƙa, yana kabari in ɗora masa abin da hannuna ya yi?"

Wannan na ƙi nan take. Amma ba zan ɓoye muku ba, maganar kafili kwana biyu ina juya ta, domin gaskiya ce ba wanda zai iya musawa. Abin da ya hana ni shi ne tsohon, mahaifin Dakta. In na ce haka aka same su, zai mutu yana ganin shi ne ya bar su suka ruɓe a hannunsa.

Da aka sassauta dokar fita Habu ya ɗauke ni da hantsi zuwa gidan. Na jera guntayen a faffaɗan akwatin kwali, na haɗa da fararen kwalaye biyar da nake son in nuna musu za a iya ɗora su a kai. Dakta ce ta buɗe ƙofa, ta rame, takunkumi ya yi mata shati a fuska. A tsaye na gaya mata komai yadda ya faru, ban rage ba.

"Sau biyu ka wuce ta gefensa?" in ji ta.

Na ce sau biyu.

Sannan ta ce, "Shekara tamanin a akwatin ƙarfe, an tsallaka ƙasa uku da su, ba abin da ya same su. Sai da na kai su wurin masu gyara."



Ta ce, "Kai za ka gaya wa Abba. Ni ba zan iya ba."

Tsohon yana kan keken guragu kusa da taga, ɗan siriri, da farar hula, sha bakwai ɗin nan a jere a bango ta bayansa. Ba ya jin Larabci sosai, ita take mayar masa da harshensu. Na durƙusa na gaishe shi na fara. Da na zo inda Usta ya faɗi sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya tambaya ko ya tashi. Na ce ya rasu. Ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, muka shafa. Sannan ya ce in ci gaba. Na ƙarasa, na buɗe akwatin na ajiye a cinyarsa.

Ya daɗe yana dubawa bai taɓa ba. Can ya ce a jawo tebur, a jera fararen kwalayen nan biyar ɗaya na bin ɗaya. Ya nuna guntun ƙafafun giwa, na ɗaga masa da hantsaki, ya kai yatsa kan kwali na biyu.

"Nan ne wurinta," Dakta ta fassara. "Ya ce wannan ita ce giwa ta uku. Ta sarki tana gabanta, a nan, da kujerar azurfa a gadon bayanta, ga wani a tsaye yana watsa wa mutane tsabar kuɗi."

Inda yake nunawa ba komai sai farin kwali. Na ciro fensir daga aljihu na miƙa mata, ta dube ni, ta karɓa, ta fara rubuta abin da yake faɗa da rubutunsu, kowane abu a gurbinsa. Ya bi fitar nan tun daga ƙofar fada. Masu ƙaho, masu tuta mai siffar kifi, raƙuma ɗauke da tambura, wani kare da ya shiga tsakanin sojoji ana korarsa. Ya ce kullum karen yake fara nema in an shimfiɗa musu suna yara. Da muka zo kan matan da ke saman soro ya ce a kwali na huɗu suke, can sama ta dama, kuma ta tsakiyar matar mai zanen ce, ya saka ta a ciki ba da sanin fada ba. Dakta ta daina rubutu ta sunkuya ta daɗe tana kallon matar, fuskar ba ta kai ƙwayar gero biyu ba.

Mun yi azahar a nan, muka koma. Wani wurin ya faɗa ya dawo ya ce a'a, a goge, ba haka ba ne. Kafin la'asar guntu takwas sun sami gurbi. Na taran wani hannu ne kawai, riƙe da zare da ya miƙe sama. Ya sa na ajiye a kwali na biyu, ya girgiza kai. Na mayar na biyar, ya girgiza kai.

"Ya ce bai san wannan ba," in ji Dakta. "Da yayarsa tana da rai da ta sani, ita ke danne ɗaya gefen in an shimfiɗa."

Na koma shago na yi aikin yadda ake yi. Na dafa gam na tace sau uku, na ɗora guntaye takwas da takardar Japan, kowanne a inda ya nuna, ban taɓa rubutun fensirin ba. Na yi musu dogon firam guda. In ka tsaya daga nesa fari ne fat, sai ɗan launi nan da can. Na taran na sa shi a ambulan na maƙala a bayan firam ɗin. Ranar da muka kai, ni da Habu muka rataye, na tambayi Dakta me zan rubuta a kan ambulan. Ta tambayi tsohon. Ya ce a rubuta sunan Usta, shi ma a kan wannan aiki ya tafi. Na rubuta.

Ta raka ni bakin ƙofa ta ce Habu zai mayar da ni. Ba ta kai ƙara ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma sake kawo mini aiki ba har ta bar ƙasar. Tsohon ya yi wata biyar bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Habu ne ya zo ya gaya mini. Ya ce a cikin watannin nan kullum da hantsi sai tsohon ya sa an tura kekensa falo, a wuce sha bakwai ɗin da muka gyara, a tsayar da shi gaban farin firam ɗin, ya zauna a nan har a kira azahar.